Me ya sa kafasito ke manne da ayisin wuta a cikin waya?

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu gyaran waya a Jidda da Makka. Idan kun buɗe waya a ƙarƙashin madubin ƙara girma, abin da za ku gani shi ne injin waya, wanda abokan aikinmu na titin Falasɗinu ke kira borda, kuma ƙananan ƙwayoyin da suka yi wa ayisin wuta (guntun da ke rage wutar batiri yana rarraba ta) ƙawanya su ne kafasito, masu ajiye 'yar wuta su sake ta nan take.

Batirin waya yana ba da kimanin bolt 3.8, alhali furosesa, wato ƙwaƙwalwar waya, ba ta buƙatar fiye da kusan bolt 1. Ayisin wuta yana rage ƙarfin ne ta hanyar kunnawa da kashewa sau miliyoyi a daƙiƙa guda, kuma a kowace kunnawa yana fizgar wuta farat ɗaya. Batiri ya yi nisa da zai biya wannan buƙata a kan lokaci. Kafasito kamar randa ce a bakin ɗaki, batiri kuwa rijiya a bayan gari: mai ƙishirwa randar yake nufa, rijiyar kuwa aikinta ta riƙa cika randar a hankali.

Layin tagulla da ke kan injin yana turjiya ga wutar da ke sauyawa da sauri, kuma turjiyar tana ƙaruwa da kowace milimita. Saboda haka mai zana injin yakan fara ajiye kafasiton shigar wuta dab da ƙafar ayisi, ya haɗa ɗaya gefen da shimfiɗar ƙasa (faffaɗan tagullan da wuta ke komawa ta kansa) ta gajeriyar hanya, domin da'irar da wutar ke zagayawa ta ƙanƙance. Idan da'irar ta yi faɗi, sai ta koma kamar eriya, tana watsa hayaniyar da ke raunana sabis.

Akwai kuma batun zafi, wanda mu mazauna Hijaz muka san shi sarai. Kafasito nau'in X5R, wanda ya fi yawa a wayoyi, iyakar zafin da yake jurewa digiri 85 ne a ma'aunin Salsiyus, X7R kuwa yana kaiwa 125, kuma dukansu ƙarfinsu na ajiyar wuta yana raguwa idan bolt ɗin da ke kansu ya ƙaru.

Abin da ke damuna shi ne al'adar cire kafasiton da ya ƙone a bar gurbinsa fayau. A layin da ke da goma a jere, waya za ta iya jurewa. Amma wanda ke bakin ayisi shi kaɗai, dole a mayar da irinsa a gurbinsa, ba a ja masa siririyar waya daga nesa ba. Kafasito mai girman da ake kira 0201 tsawonsa milimita 0.6 ne kacal, don haka ku rage iskar na'urar zafi kafin ku kusance shi, kada ta hure shi.