Jawabin Maraba ga Mai Girma Minista daga Manoman Dankalin Turawa da Masu Rainon Iri a Jos

Assalamu alaikum.

Mai girma Minista, ranka ya daɗe, barka da sauka. Babban baƙo irinka ba sai mun yi masa kirari ba, aikinka ya riga ka isowa. Saboda haka bari mu fara da abin da ke hana mu barci: wutar lantarki. Ɗakin rainon irinmu sola yake nema.

Tun zamanin haƙar kuza dankali ya sami gida a kan tsaunin nan mai tsayin fiye da mita 1,200. Buhun da ake saukewa a Kano ko Legas, a tambayi asalinsa, za a ji Bokkos, Mangu ko Barikin Ladi. Amma shekara da shekaru manominmu gajiyayyen iri yake maimaitawa, bayiros na bin dankalin daga uwa zuwa 'ya, ga cutar ƙunar ganye duk damina. An san buhunmu, ba a san kukanmu ba.

Kwalaben da za a nuna maka, su ne mafitarmu. Ana yanko kan toho, bai kai rabin milimita ba, inda bayiros bai cika kaiwa ba, a ɗora shi cikin kwalba kan daskararren abincin tsiro irin wanda masana kimiyya Murashige da Skoog suka haɗa a 1962. In kuwa gutsuren ganye aka sa, bakin yankan sai ya kumbura ya zama dunƙule fari-fari, ba ganye ba, ba saiwa ba, kamar ya manta ko shi wane ne. Sinadarai biyu da ake sa wa abincin ke tuna masa, saitokainin da oksin. Saitokainin ya rinjaya, ɗigon kore ya ɓullo ya zama toho. Oksin ya rinjaya, saiwa ta fito. Bayan mako 3 zuwa 4 a yayyanka tsiron gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa ta tashi da kanta.

Ranka ya daɗe, duk wannan a wuyan wuta yake rataye: haske awa 16 kullum, ɗaki mai sanyi, da tukunyar kashe ƙwayoyin cuta mai zafin digiri 121. In an ɗauke wuta, mun sha wayar gari mu tarar da tsirran sun yi ɗorawa, aikin watanni ya tafi bola. Man janareta kuwa ya fi ƙarfin karo-karonmu.

Muna son ɗakin raga mai kare tsirran daga ƙwari, da horo ga matasanmu, amma waɗannan sa jira. Sola ce ba ta jira. Takardar lissafinta na hannun sakatarenmu, kuma mun ce masa kada ya bari ka shiga mota bai miƙa ba.

Allah ya mai da kai Abuja lafiya.