Bindiga ga ƙugu cikin layin sayen abinci

Salamu alaikum mutanen Gusau, Ƙaura da Mafara, ina gaisuwa. Wallahi har yanzu gabana bai bar faɗuwa ba. Yanzun ga na hito gidan abinci nan Hiyustan, jihar Teksas ta Amurka, ina cikin layi sai ga wani gabana da ƙaramar bindiga rataye ga ƙugu, shina latsa wayarshi hankali kwance, ba ɗan sanda ba ba soja ba. Ni ko ɗan Zamfara, ai ƙafata tuni ta fara neman ƙofa. Abokina ya yi ta yi min dariya, wai tun Satumban 2021 doka ta ba wanda ya kai shekara 21 damar yawo da ita ba sai da lasisi ba.

Kuma fa shagon da munka sayi takalmin ƙwallo ran nan, nan ma ana saida ta kusa da kayan kamun kifi, wajen dala 500, kuɗin hayar ɗakina ya fi haka nesa ba kusa ba. Mai shago zai duba tarihinka ga kwamfuta, amma in hannun maƙwabcinka ka saya babu wanda ke tambaya.

Abin da ya tsaya min a rai, Yunin 2022 gwamnatin Matawalle ta Zamfara ta ce mu nemi lasisin bindiga mu kare kanmu daga 'yan ta'adda, ni ma na yi tafi lokacin, wa zai ga laifin wanda aka kora daga gonarshi? To wata guda kafin nan, garin Yubalde na jihar Teksas, yaro ɗan 18 ya kashe 'yan firamare 19 da malamai 2 da bindigar da ya saya bisa ƙa'ida. A 2021 sama da mutum dubu 48 bindiga ta kashe a Amurka, fiye da rabi su sunka harbe kansu. Ostareliya ko bayan kisan gillar da wani ya yi da bindiga a 1996, gwamnati ta biya kuɗi ta karɓe bindigogi wajen dubu 650 ta lalata.

Kai ni tuwon dawa da miyar sure ma nake marmari, wannan shinkafar dala 18 ba ɗanɗano.

Ƙanena mai shirin tahowa, ka ji ni da kyau, in wani ya sha gabanka da mota kada ka danna mashi hon kada ka leƙo kai, nan ba bakin Tudun Wada ba ne.