Lacca: Zogale da Tafarnuwa a Abincin Kajin Buroila

Assalamu alaikum. 'Yan uwa masu kiwo, maza da mata, sannunku da zuwa.

Me ya sa masana suka koma kan ganyayyaki a abincin buroila, wato kajin nama? Shekara da shekaru ana zuba maganin antibayotik kaɗan-kaɗan a abincin kaji don su yi saurin girma. Sai aka lura ƙwayoyin cuta suna sabawa da maganin, har ya daina yi wa mutane aiki a asibiti. Suwidin ta hana wannan a 1986, Tarayyar Turai ta hana daga farkon 2006. Daga nan aka shiga neman madadi, kuma da yawa daga cikin abubuwan da ake gwadawa suna nan a kasuwarmu: tafarnuwa, citta, kurkum, habbatus sauda, zogale.

Aikinsu a hanji yake. Tafarnuwa tana da sinadarin alisin mai rage miyagun ƙwayoyin cuta, citta kuma tana taimakon narkewar abinci. Idan hanji ya samu lafiya, kaza za ta fi cin moriyar abin da ta ci. Ku da kuke sayen buhun sitata da finisha, wato abincin farkon kiwo da na ƙarshensa, kun san abinci ne ke cinye fiye da rabin kuɗin kiwo, don haka ko ɗan ragi aka samu, riba ce.

Zan daɗe kan zogale, domin a nan ake yawan kuskure. Busasshen ganyensa yana da furotin kusan kashi ɗaya cikin huɗu, sai mutum ya ce to bari ya rage waken soya ya cika da zogale. Don Allah kada ku yi haka. Ganye ne, yana da harza da sinadarai masu ɗaci, hanjin buroila kuwa ba na akuya ba ne. A gwaje-gwaje da dama, da zarar zogale ya wuce kilo 5 cikin kilo 100 na abinci, sai cin abinci ya ragu, nauyi ya tsaya. Ku fara da kilo 1 ko 2. A inuwa ake shanya shi, a niƙa ya yi laushi, a gauraya sosai.

A wajen nama, zogale yana sa fata ta yi rawaya, abin da masu saye ke so. Kurkum da zogale suna jinkirta lalacewar kitse, sai nama ya ƙara jure ajiya.

Hajiya ta tambaya ɗazu ko tafarnuwa za ta iya maye gurbin rigakafi. Hajiya, ba za ta iya ba. Cututtukan kaji irin su Gumboro da Niyukasul ba su jin ganye. A ba da Lasota, wato rigakafin Niyukasul, da rigakafin gumboro a kan lokaci, a riƙa canza shimfiɗar ɗaki idan ta jiƙe.

Wanda zai gwada, ya raba kajinsa gida biyu, ya ba rabi ganyen, ya hana rabi. Duk mako ya ɗora su a sikeli, ya rubuta nauyi da yawan abincin da suka ci har mako na 6. Mai tambaya ya ɗaga hannu.