Idan Na'urar Auna Iska Ta Fara Ƙarya A Jirgin Ruwa

Assalamu alaikum. Na ga yawancinku masu koyon aikin lantarki ne, to maganar yau ba za ta zame muku baƙuwa ba, ko da wasunku ba su taɓa taka jirgin ruwa ba.

Jirgin da nake nufi shi ne mai tafiya da ƙarfin iska, wanda ake ɗaura wa ƙyalle a jikin dogon turke. Can ƙololuwar turken akwai 'yar na'ura mai sassa biyu. Na farko 'yan kofuna ne guda uku, kamar an haɗa ludayi uku ta mariƙi, iska na juya su, su ke faɗin ƙarfinta. Tsohuwar dabara ce, Thomas Robinson ya fito da ita tun 1846, nasa ma kofuna huɗu ne. Na biyu kibiya ce mai nuna inda iskar ke fitowa. Daga nan waya ta bi ta cikin turken har zuwa allon da ke gaban matuƙi.

To wata rana sai allo ya nuna sifili, alhali iska na neman cire maka hula. Me za ka fara yi? Na san amsar matasa: a hau turke! Ni ma na tafka wannan wautar. Aka ɗaure ni da igiya aka ja ni sama, jirgi na rangaji, hanjina na kaɗawa, na kwanto na'urar na sauko da ita, ashe lafiyarta ƙalau. Ciwon yana ƙasa, inda hannuna zai kai ina tsugune.

Saboda haka ku fara da ido. Ɗaga kai ka duba, kofunan na juyawa? In sun tsaya cak ko suna jan ƙafa, boris ne ya cije. Gishirin teku ke kashe shi, da ƙura, don ƙurar hunturun nan tamu tana bin iska har tsakiyar tekun Atilantika. Tsuntsu ma kan sauka ya karya kibiyar, gizo-gizo ya yi saƙa a kofunan.

In kuwa suna juyawa amma allo shiru, aiki ya zo hannunku. Duba batir, ya ba ka bolt 12 ko sama da haka kaɗan, duba fis. Sannan ka nufi gindin turke. Akwai ɗan akwati a wurin inda wayar sama ke haɗuwa da ta ƙasa, kuma a ganina nan ne uwar matsala. Ruwa na bin jikin waya yana gangarowa, ya taru a ciki. Kana buɗewa za ka ga bakin wayoyin ya yi kore, wata ma kana taɓawa ta gutsure. Yanke wurin da ya ci, fere sabo, ka sake haɗawa.

Bai tashi ba? Ɗauko mita. Bari in ba ku misali da samfurin na'urar auna iska na Raymarine ST60, wanda ya cika tsofaffin jirage. Jar waya ita ke kai wuta sama, wajen bolt 8. Shuɗiya da koriya na kibiya ne, suna yawo tsakanin bolt 2 da 6 gwargwadon inda ta juya. Rawaya ta kofuna ce, lambarta na hawa tana sauka. In wuta ba ta fita ta jar waya, laifin allo ne ko wayar ƙasa. In tana fita amma babu abin da ke dawowa, to yanzu ne ka sami hujjar hawa. Ko a nan ma kada ka yi saurin yanke wa na'urar hukunci, igiyoyin da ke cikin turke sukan goge waya har su cinye ta. Sababbin jirage masu tsarin NMEA 2000 kuma, wato layin waya guda da ke haɗa na'urorin jirgi su riƙa aika wa juna saƙo, kashe wuta ka auna tsakanin wayoyin saƙo biyu, om 60 ya kamata ka gani. In ka ga 120, ɗaya daga marufan ƙarshen layi, wato resistoci biyun da ke toshe bakunan layin, ya fita.

Akwai wata ƙaryar da ta fi rikita mutane. Abin da na'urar ke ji a sama ba tsantsar iskar gari ba ce, ta haɗu da wadda gudun jirgi ke haifarwa, kamar yadda ɗan acaɓa ke jin iska a fuska ko ganye ba ya motsi. Allo na cire gudun jirgi ne kafin ya ba ka ta ainihi, gudun kuma wata 'yar fanka ce a ƙarƙashin jirgi ke auna shi. Gansakuka ta naɗe fankar, lissafi ya rushe, kai kuma kana can kana zargin saman turke.

Haka in kibiya ta nuna digiri 30 a wannan gefe, ka juya jirgi ɗaya gefen daidai yadda yake a da ta nuna 50, ba lalacewa ba ce, ta karkace ne da digiri 10, daga allo ake saita ta.

Wani ya tambaye ni ɗazu, in abin ya mutu ana tsakiyar teku fa? Ka ɗaura 'yan zaren ulu a wayoyin ƙarfen da ke riƙe da turke, dama da hagu, za su nuna maka iska har ka kai gaɓa. Mai tambaya ta gaba, bismillah.