Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishina daga Matasan Zariya Masu Haɗa Wasannin Waya da Kwamfuta

Mai girma Kwamishina, iyayenmu da malamanmu, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa Zazzau. Alherinka ya riga ka isowa, ba sai mun tsaya lissafi ba. Buƙatarmu ɗaya ce, gara mu faɗe ta tun yanzu: a ba mu ɗaki guda mai wutar sola da intanet mai ƙarfi, inda za mu zauna mu yi aiki.

Garin nan ba baƙon fasaha ba ne. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. A nan ɗaliban zane suka haɗa kai a 1958, suka sauya wa zanen Nijeriya fasali. Jami'ar Ahmadu Bello kuma tun 1962 take yaye haziƙai. Amma yau mai zane ko mai rubuta manhaja yana gama karatu a Samaru sai ya saɓi jaka ya nufi Legas ko Abuja. Mu da noma, wasu da girbi, kuma abin yana yi mana ciwo.

Mun san wasu iyayenmu na kallon gem, wato wasan waya da kwamfuta, a matsayin shiririta. Kasuwar nan ta haura dala biliyan 180 a shekara a duniya, kusan rabinta daga wayar hannu. A 2016 kamfanin Tencent ya biya dala biliyan 8.6 don mallakar mafi yawan Supercell, kamfanin gem na ƙasar Finlan, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 6 ba. A Legas, Maliyo Games na wannan sana'a tun 2012. Mu kuwa, a leƙa shagunan gem na Sabon Gari da Tudun Wada: yara sun yi cincirindo, kuɗinsu na ƙarewa a data da man janareta, kuma da wuya ka ji kalmar Hausa ɗaya a wasan. Alhali ga dara, ga langa, ga dambe, ga tarihin Sarauniya Amina.

Akwai ɗan'uwanmu da ya zana barde da sulkensa da lifidin dokinsa, yana tsaka da koya wa dokin sukuwa aka ɗauke wuta, batir ya mutu, aikin yini ya salwanta. Haka muke fama kullum.

Ba albashi muke roƙo ba, ranka ya daɗe. Ɗakin nan dai, da solarsa da intanet ɗinsa. Allah ya ba ka ikon sa hannu, ya mayar da kai gida lafiya.