Amsoshin Tambayoyinku: Shamuwar da ake cewa ta kusa ƙarewa, tamu ce?

Jama'a masu sauraro, wasiƙar farko a yau ta fito ne daga wani ɗalibin sakandare a Daura. Ya ce malaminsu ya ambaci wata shamuwa mai suna Ciconia stormi da ta kusa ƙarewa a duniya, shi ne hankalinsa ya tashi, yana tambaya ko ita ce wadda ke sheƙa a kan bishiyar ƙofar gidansu duk damina.

To ƙanena, kwantar da hankalinka, ba ita ba ce, sai dai 'yar'uwarta. Masana suna ba kowace halitta suna biyu da Latinanci, tsarin da Carl Linnaeus, mutumin Sweden, ya kafa wa dabbobi a 1758. Na farko kamar sunan gida yake, na biyu kuma sunan yanka. Shamuwarmu mai zuwa da albishir ɗin ruwa ita ce Ciconia abdimii. An raɗa mata sunan a 1823 don girmama Abdim Bey, wani gwamnan Turkawa a ƙasar Sudan. Ita ce ƙaramar cikin danginta, kuma alhamdu lillahi tana nan da yawa. In damina ta wuce sai ta nufi kudancin Afirka tana bin fara.

Wadda malaminku ya faɗa a kudu maso gabashin Asiya take, a tsibiran Borneo da Sumatra da ƙasar Maleshiya. Baƙa ce mai farin wuya da jan baki, da zobe ruwan ɗorawa a kewayen ido. Halinsu ma ya sha bamban: tamu ta saba da mutane har cikin gari, waccan kuwa ba ta son jama'a, sai can cikin dazuzzukan fadama a bakin koguna. Wani masanin tsuntsaye, Wilhelm Blasius, ne ya fara bayyana ta ga masana a 1896, ya sa mata sunan Hugo Storm, wani matuƙin jirgin ruwa Bajamushe mai tattara tsuntsaye. Ana ƙiyasin waɗanda suka rage ba su kai 500 ba, saboda sare daji da gobara da mayar da fadamun gonakin kwakwar manja.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, an daɗe ana ɗaukar ta a matsayin reshe kawai na wata shamuwar, Ciconia episcopus, wadda ta fi ta yawa nesa ba kusa ba. Muddin ana ƙirga su tare, wa zai lura tana ƙarewa? Sai da aka ware ta da sunanta aka ƙidaya ta ita kaɗai, ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin halittun da ke fuskantar barazanar ɓacewa. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji ana cewa wannan aiki na rarrabe halittu da raɗa musu suna ɓata lokaci ne.

Sai wata baiwar Allah daga Ƙofar Sauri, nan Katsina, tana tambaya ko babba da jika ma shamuwa ce. Hajiya, iyalinsu ɗaya, wato Ciconiidae, mai nau'i kusan 20, amma gida daban: ita Leptoptilos crumenifer ce. Balbela kuwa, duk da dogayen ƙafafunta, ba ta cikinsu. In kina son rarrabewa, dubi sama: shamuwa miƙe wuya take yi in tana tashi, balbela kuwa lanƙwashe nata take yi.