Inuwar Darbejiya: Baƙon alfarma a gaban tandar masa

Rabi: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Bauchin Yakubu. Rabi ce, ga Yaya Sani, ga kuma Auwal da ya dawo mana daga gandun dajin Yankari duk ya yi baƙi.

Auwal: Anti Rabi, ranar Alkaleri ba ta wasa. Wasu baƙi na raka, miji da mata daga Legas, irin waɗanda ba sa taya kaya. Tun daga filin jirgi mota mai sanyi ke jiransu. Na ɗauka maganar ɗaki da katifa za su dame ni da ita, sai matar ta ce otal kam ta gani a Dubai har ta gaji, ita a kai ta inda ake suyar masa da asuba.

Sani: Ai yayin ke nan yanzu. Mai kuɗi ya ƙoshi da gado mai laushi, so yake ya shiga cikin mutane, ya ci abin da suke ci, ya koma gida da labari.

Rabi: Da bidiyo dai, Yaya. To me suka gani a dajin?

Auwal: Rani ne, dabbobi sun gangaro kogin Gaji neman ruwa. Mun ga ɓauna da gwanki, giwaye kuma sai a rana ta biyu. Dajin ya kai murabba'in kilomita 2,244, ba gidan zu ba ne da za a ce giwa ta fito ta gaishe ka. Amma Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumin da ke cikin dajin, ita ce ta tafi da hankalinsu. Ruwan nan garau, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, ko da hunturu. Mijin ya shiga bayan isha'i, da ƙyar muka fito da shi. Da safe kuma gwaggon biri ya wafce masa burodi.

Sani: Wannan harajin masu gida ne! Tun 1956 aka keɓe dajin, aka buɗe shi ga jama'a a 1962. Abin da ke ba ni haushi, yawancin masu ɗaukar bidiyo wanka kawai suke nunawa. Ga kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen dauri suka fafe a jikin dutse, ga rijiyoyin Dukkey. Wa ke ba da labarinsu?

Rabi: Ni tawa damuwar daban ce. Bara wani mai yawon buɗe ido ya tsaya kan goggona tana suya, ko sallama babu, ya ɗora mata kyamara. Bayan mako sai jikanta ya gan ta a TikTok, an rubuta wai wainar fulawa take yi. Masar Bauchi fa! Shinkafar da aka jiƙa, aka niƙa, ƙullun ya kwana ya tashi. Shi ya samu mabiya, ita ko sisi, ga mijinta ya yi kwana uku yana faɗa.

Sani: Haka ne, bai kyauta ba. Amma Rabi, kada mu ƙi cin biri mu ci dila. Bidiyon nan su ke jawo baƙi. Wanda bai taɓa jin gandun dajin Sumu ba, a waya ya fara ganin raƙumin dawa da jakin dawan da aka kawo daga Namibiya.

Rabi: Ban ce a daina ba. A nemi izini, a faɗi sunan abu daidai, a biya. Wanda ya iya biyan kuɗin jirgi ba zai gaza sallamar mai tanda ba.

Auwal: Abin da na yi ke nan. Tun daren na je na sami wata Hajiya a unguwarmu, muka yi ciniki: za ta koya wa baƙuwar zuba ƙullu da juyawa, a ɗauki hannu da tanda, ban da fuska. Baƙuwar ta ƙona guda huɗu kafin ta iya, ta cinye su da miyar taushe tana dariya. Abin da aka ba Hajiya ya fi cinikinta na ranar.

Sani: To mu ma sai mu tashi. Gidan Madaki na Kafin Madaki, ginin Babban Gwani, ɗalibai nawa a garin nan suka taɓa shiga? Mu ɗauka da Hausa, dattawan garin su yi bayani da bakinsu, a sa fassara a ƙasa domin baƙi.

Rabi: Wa zai zuba mai a mota?

Auwal: Yaya Sani mana, shi ya kawo shawara.

Sani: Na ji, Asabar bayan sallar asuba. Amma masar hanya a kanki take, Rabi, kuma ta goggo nake so.